Gilashin Babbar Kyamara a Kan Ƙarama: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya daɗe a harkar hoto ya san kwarjinin kyamarorin da ke cin fim mai lamba 120: Hasselblad, Mamiya, Pentax 67, Bronica da 'yan uwansu. Ana ce musu masu matsakaicin fim, don fim ɗinsu ya fi na milimita 35 faɗi amma bai kai na manyan kyamarorin akwati ba. Yau da yawansu suna kwance a durowa, gilasansu kuwa sun sami sabuwar kasuwa, tunda da adafta guda ana iya ɗaura su a kan Canon, Nikon, Sony ko Fujifilm. Ga tambayoyin da abokan sana'a suka fi yi mini a kan wannan haɗi, da abin da nake ba su amsa.

Me ya sa gilashin babbar kyamara yake hawa ƙarama, amma na ƙarama ba ya hawa babba?

Abu biyu ne. Na farko, kowane gilashi da'irar haske yake jefawa a bayansa, fim ko sensa (abin da ke kama hoto a kyamarar dijital) kuma yanki ne mai kusurwa huɗu da ake yankowa daga cikin da'irar. Fim ɗin 6x4.5 yana da milimita 56 da 41.5, don haka sai da'ira mai faɗin kusan milimita 70 za ta rufe shi. Na 6x6 yana buƙatar kusan 79, na 6x7 kusan 89. Sensa mai cikakken firam, wato milimita 36 da 24, milimita 43 kawai take nema, ta APS-C, wadda ta fi ta ƙanƙanta, kuma kusan 28. Babban mayafi yana rufe ƙaramin gado, ƙarami ba ya rufe babba.

Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin bakin da ake ɗaura gilashi da fuskar fim. Waɗancan kyamarori suna da ƙaton madubi a ciki, dole aka nisanta gilashin: milimita 63.3 a Mamiya 645, 70.87 a Pentax 645, 74.9 a Hasselblad V, kusan 85 a Pentax 67. A Canon EF kuwa 44 ne, Nikon F 46.5, Sony E 18, Nikon Z 16. Adafta ba komai ba ce illa bututu da ke cike wannan giɓi. Daga Mamiya 645 zuwa Canon EF kaurinta milimita 19.3, daga Pentax 67 zuwa Sony kusan 67. Babu gilashi a cikinta, saboda haka ba ta taɓa hoton. Masu Nikon F, waɗanda suka saba shan wahala wajen ɗaura gilasan wasu kamfanoni, a nan ba su da matsala ko kaɗan.

Idan na ɗaura 80mm na Mamiya a kan kyamarata, milimita nawa zai koma?

80 ɗin dai. Lambar da ke jikin gilashi tasa ce, ba ta san wace kyamara ke bayanta ba. Ka ɗaura 80mm na Mamiya a kan Sony mai cikakken firam, ka cire ka sa zum ɗin Sony ka tsayar da shi a 80, abin da zai shiga hoton ɗaya ne.

Abin da ke rikita mutane shi ne sun ji an ce 80mm a kan 6x6 gilashin yau da kullum ne, kamar 50mm a wurinmu. Gaskiya ne, amma girman fim ɗin ne ya sa, ba wani siddabaru a gilashin ba. A kan cikakken firam ya zama gilashin ɗaukar fuska. A kan APS-C ya yi kamar 120mm, sai ka ja baya har bayanka ya taɓa bango kafin ka ɗauki mutum a tsaye a cikin ɗaki.

Hasken fa? Tunda da'irar babba ce, ba zai fi kawo haske ba?

A'a. Lambar f ita ke nuna buɗewar ƙofar hasken gilashi, ƙaramar lamba babbar ƙofa, kuma f/2.8 f/2.8 ne a ko'ina. Hasken da ke sauka a kan kowane ɗan yanki na sensa iri ɗaya ne. Ragowar da'irar a bangon adafta take ƙarewa, kuma kamar yadda za mu gani a gaba, ba alheri take kawowa ba.

Na ji ana cewa waɗannan gilasai ba su kai na milimita 35 kaifi ba. Wasu kuma sun ce sun fi. Wa ke da gaskiya?

Kowa ya kama wani ɓangare. Bari mu bi ta a hankali, don nan ne gizo ke saƙar.

Wanda ya tsara gilashin babbar kyamara ya san ba za a faɗaɗa hotonsa da yawa ba. A ce kana son hoton bango mai faɗin santimita 60. Daga fim mai faɗin milimita 56, sau 11 za ka ninka shi. Daga cikakken firam, sau 17. Daga APS-C, kusan sau 26. Duk wani ɗan aibi da gilashi ke da shi, shi ma sau hakan ake ninka shi. Kamar atamfa ce: daga nesa zanenta ka ke gani, idan ka kawo ta daf da ido sai zare. Gilashin da ya wadatar a kan babban fim ba lallai ya wadatar ba idan aka yanko ɗan tsakiyarsa aka buɗa.

Sannan akwai nauyin da aka ɗora masa tun daga masana'anta. 80mm na Hasselblad dole ya gyara hoto a kan kusurwar gani ta fiye da digiri 50. Shi kuwa 85mm na cikakken firam digiri 28 kawai aka nema daga gare shi. Mai tsara na biyun yana da sarari ya zuba duk dabararsa a ɗan wannan fili, ya kuma buɗe ƙofar haske zuwa f/1.8 ko f/1.4. Na farkon ya raba ƙarfinsa a babban fili, kai kuma ka zo ka jefar da mafi yawan filin.

Sensocin yau ma ba su da sassauci. Ana auna kaifi da yawan tagwayen layuka, fari da baƙi, da gilashi zai iya rarrabewa a cikin milimita ɗaya. Takardun gwajin da Zeiss ke fitarwa na gilasan Hasselblad suna nuna sakamako a kan layuka 10, 20 da 40. Sensa mai megafiksel 24 ta cikakken firam tana iya ɗaukar har layuka 83. Mai megafiksel 24 ta APS-C, kusan 128. Sony a7R IV ta 2019, mai megafiksel 61, kusan 133. Wato muna yi wa gilashin jarrabawar da ba ita aka shirya shi dominta ba.

Duk da haka, masu cewa gilasan nan ba su da kaifi sun yi kuɗin goro. Kamfanonin nan ƙwararru suke sayar wa kaya, masu hoton talla da mujallu, kuma sun yi gilasai da yawa da suka zarce abin da fim ke buƙata nesa ba kusa ba. Masu ɗaukar abu daf da daf na 120mm f/4, na Mamiya da na Pentax, da Planar 100mm f/3.5 na Hasselblad, da Superachromat 250mm f/5.6, da 200mm f/2.8 APO na Mamiya, duk suna tsayawa da ƙafarsu a kan sensa mai cunkoson fiksel. Talakawan cikinsu kuma, idan ka tsuke su zuwa f/5.6 ko f/8, da wuya ka bambanta hotonsu da na sabon gilashi a girman da mutane ke kallon hoto. Inda bambancin ke fitowa fili shi ne a buɗe gaba ɗaya: sabon 85mm mai kyau a f/2.8 ya riga ya tsuke mataki ɗaya ko biyu, yana cikin ganiyarsa, tsohon 80mm kuwa a f/2.8 yana bakin iyakarsa.

A taƙaice dai ba zuri'a ake tambaya ba, gilashin ake tambaya ɗaya-ɗaya.

Amma ai tsakiyar gilashi ce ta fi kyau, ita kuma nake amfani da ita. Wannan ba riba ba ce?

Riba ce, sai dai a san irinta. Gilashin 6x7 a kan cikakken firam, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na da'irarsa ake amfani da shi. Duk cututtukan da ke taruwa a gefe, duhun kusurwa, lanƙwasar layin da ya kamata ya miƙe, jan tauraro ya yi wutsiya, sun faɗa waje. Abin da ka samu hoto ne mai daidaito, kusurwarsa da tsakiyarsa kusan ɗaya, ko da ƙofar a buɗe take. Mai ɗaukar zane, takardun tarihi, yadi ko kayan sayarwa zai ji daɗin wannan sosai.

Abin da ba ka samu ba shi ne ƙarin kaifi a tsakiyar. Yanke gefen gurasa ba ya ƙara wa tsakiyarta zaƙi. Kuma akwai aibobin da a tsakiyar suke zaune: wani laushi mai kama da hayaƙi idan ƙofar a buɗe take, da jirwayen shuɗi-shuɗi ko kore da ke bin gefen abu mai ƙyalli, kamar sarƙar amarya a rana. Waɗannan suna nan, har sun fi fitowa saboda faɗaɗawar da aka yi.

A gyara wata fahimta kuma: tsakiyar hoton ake amfani da ita, ba tsakiyar ƙwayoyin gilashin ba. Hasken da ya haɗa ɗigo ɗaya a tsakiyar sensa ta duk faɗin ƙofar ya biyo.

Ina son irin hoton nan na Pentax 67 da 105mm f/2.4, mutum ya fito raɗau, bayansa ya narke. Idan na sayi gilashin zan samu?

Ba za ka samu ba, kuma wannan ce amsar da aka fi jin haushina a kanta. Kamannin nan da ake yabo ba a cikin gilashin yake ba, a haɗuwarsa da fim mai faɗin santimita bakwai yake. A kan 6x7, 105mm yana ganin fili mai faɗi kamar na 50mm, sai ka matso kusa da mutum, ka ɗauke shi tun daga gwiwa har da wurin da yake tsaye, amma zurfin fokas ɗin, wato iya yankin da ke fitowa raɗau daga gaba zuwa baya, ya kasance siriri irin na dogon gilashi. Faɗin fili tare da siririn fokas, shi ne sirrin. Ka cire babban fim ɗin, faɗin filin ya tafi. Abin da ya rage maka 105mm f/2.4 ne kawai, wanda kusan daidai yake da tsohon Nikkor 105mm f/2.5, wanda ya fi shi sauƙin ɗauka ba ya kuma buƙatar doguwar adafta.

Idan wancan kamannin ka ke nema a kan cikakken firam, lissafin yana kai ka ga 50mm f/1.2 ne. Haka ma sanannen 80mm f/1.9 na Mamiya 645: a kan fim ɗinsa daidai yake da 50mm f/1.2, a kan cikakken firam kuwa ɗan'uwan 85mm f/1.8 ne da kowane mai hoton biki ke da shi a jaka.

Ban ce babu abin da ke biyo gilashin ba. Yanayin launinsa, taushin da yake ba fata, siffar ɗigon fitilu a baya, duk nasa ne. Gilasan Hasselblad na C da CF, misali, ganyen ƙofarsu biyar ne, idan ka tsuke sai fitilun baya su fito da kusurwa biyar. Wani yana so, wani ba ya so.

Adaftar nan mai gilashi a ciki fa, wadda aka ce tana dawo da faɗin?

Ita ce hanya ɗaya da ke kusantar da kai. Aikinta ta matse babbar da'irar ta tattara ta a kan ƙaramar sensa. Metabones ne ya shahara da dabarar a 2013 da Speed Booster, daga baya Kipon ya fitar da Baveyes mai ninkin 0.7 don ɗaura gilasan matsakaicin fim a kan marasa madubi masu cikakken firam. Da ita 80mm f/1.9 yana komawa kusan 56mm f/1.3, ka sami ƙarin mataki ɗaya na haske, kuma sensarka tana kama milimita 62 daga cikin da'ira mai 70.

A tsakiya kaifi yakan ƙaru ma, tunda aibobin su ma an matse su. Gefe ne ke biyan bashi: ka dawo da kusurwoyin da a da ka tsere musu, ka kuma ɗora musu na adaftar. Ga hoton mutum ɗaya a tsakiya ba damuwa. Ga hoton taron dangi da aka jeru daga bango zuwa bango, na ƙarshen layi ba zai gode maka ba. Sannan ka haɗa kuɗin gilashin da na adaftar ka gwada da kuɗin 50mm f/1.4 mai fokas da kansa kafin ka yanke shawara.

Waɗanne ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu a kansu, waɗanne ne ba ta biya?

Dogaye sun fi biya. Daga 120mm zuwa sama kusurwar gani ƙarama ce ko a wane fim, don haka bambancin tsari tsakanin na babba da na ƙarami yana raguwa. 150mm f/3.5 na Mamiya ko na Pentax 645 ba su da nauyi, suna yin hoton fuska mai kyau. Sonnar 180mm f/2.8 na Carl Zeiss Jena, wanda aka yi wa Pentacon Six a tsohuwar Jamus ta Gabas, ya haura kilo ɗaya amma bayan hotonsa kamar man shanu.

Gajeru kuwa asara ce, sai a aiki ɗaya da zan zo kansa. Dubi 45mm f/4 na Pentax 67. A gidansa gilashi ne mai faɗin gani ƙwarai, kuma an sha wahala wajen tsara shi, tunda dole ya zauna nesa da fim ya bar wa madubi hanya. A kan cikakken firam ya zama gilashin yau da kullum, mai nauyi, mai duhu. 50mm f/1.8 mafi araha a kasuwa yana shigar da haske kusan ninki biyar nasa, a tsakiya kuma ba ya jin tsoronsa. Mafi gajarta a jerin Mamiya 645 na hannu, ban da mai idon kifi, 35mm ne, a jerin Hasselblad V masu cirewa kuma, nan ma ban da mai idon kifi, 40mm. Wanda ke neman faɗi, ba nan zai same shi ba.

Hotunana suna fitowa kamar an ɗauke su cikin hazon hunturu, baƙin ba ya yin baƙi. Gilashin ne ya lalace?

Kafin ka zargi gilashin, leƙa cikin adaftar. Ka tuna kashi shida cikin bakwai na hasken da gilashin 6x7 ke jefawa ba a kan sensa yake sauka ba. Bangon bututun yake duka. Idan bangon yana sheƙi, hasken ya yi tsalle ya dawo ya bazu a kan sensa, sai ya wanke hoton.

Ni ma na taɓa faɗawa. Na sayi wata adafta mai araha, cikinta baƙi ne amma sumul kamar bayan cokali. Na yi makonni ina cewa tsohon shafen gilashin ne ya gaji, har na fara neman mai saye. Ranar da na haska tocila ta baya na ga yadda cikin ke walƙiya, sai na samo baƙin ƙyallen karan-miski mai manne na liƙa a zagayen. Hoton ya dawo kamar an canza gilashi. Araha ba ta ado, amma wani lokaci ɗan ƙyalle yana rufa mata asiri.

Abu na biyu, malafar gilashi, wato abin da ake sa masa a baki don tare hasken gefe. Wadda ta zo da shi an yi ta ne don faɗin ganinsa na asali, a kan ƙaramar sensa ta yi gajarta. Sa wadda ta fi ta tsawo, ka tare hasken tun daga ƙofa. Abu na uku shi ne shekarun gilashin: shafe mai hawa-hawa ya yaɗu ne a farkon shekarun 1970, SMC a Pentax, T* a Zeiss. Waɗanda suka riga wannan zamani ba sa son fuskantar rana, sensa kuma ta fi fim sheƙi, tana mayar da haske cikin gilashi ya sake dawowa.

Tsofaffin masu hoto suna tsuke waɗannan gilasai zuwa f/16 da f/22. Ni ma in yi haka?

Kada ka yi, sai da dalili. Haske idan ya bi ta ƙaramar ƙofa bazuwa yake, ɗigo ya zama tabo. Faɗin tabon ya dogara ne da lambar f kaɗai: kusan maikiron (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) 7.5 a f/5.6, 11 a f/8, 21 a f/16. A kan babban fim da za a ninka sau goma ba a ganinsa. A kan APS-C mai fiksel ɗin da bai kai maikiron 4 ba, tabon f/16 ya shafe fiksel biyar a jere. Tsaya tsakanin f/5.6 da f/8 a APS-C, f/8 zuwa f/11 a cikakken firam. Zanen zurfin fokas da ke jikin gilashin ma kada ka dogara da shi, da babban fim aka lissafa shi.

To a ina ne wannan haɗin ya fi komai amfani?

A wurin gusarwa da karkatarwa. A nan ne ragowar da'irar da muke ta kuka da ita ta zama dukiya.

Ka tsaya gaban dogon gini, a ce hasumiyar Gobarau a Katsina ko wani bene a Abuja. Idan ka ɗaga kan kyamara don saman ya shiga, bangayen za su kwanta ciki kamar ginin zai faɗi baya. Maganin shi ne kyamarar ta tsaya cak, a gusar da gilashin sama, sensa ta kama wani ɓangare daban na da'irar. Gilasan da ake yi musamman don wannan aiki, idan ka duba, na matsakaicin fim ne a ɓoye: TS-E 24mm f/3.5L II na Canon da'irarsa milimita 67 ce, kusan ta 645. Da adafta mai gusarwa, irin ta Mirex ko Kipon ko Fotodiox, kowane gilashin 645 ya zama irinsu. Lissafi yana nuna da da'ira mai milimita 70 za ka iya gusarwa kusan milimita 15 ta gefe, 18 ta sama, kafin kusurwa ta yi duhu, kodayake bakin kyamarar yakan tare ka kafin nan. Shi ya sa na ce gajerun suna da aiki guda: 35mm da 45mm na 645 a kan irin wannan adafta kayan aiki ne na gaske ga mai hoton gine-gine. Ka dai sani, da ka gusar ka koma gefen da'irar da ka guje wa, don haka tsuke zuwa f/8 ko f/11.

Karkatarwa kuma tana kwantar da fokas. Mai ɗaukar kaya a kan tebur, takalma, turare, kwanukan abinci, yana iya sa na gaba da na baya su fito tare ba sai ya kai f/22 ba. 80mm da 120mm sun dace da wannan.

Akwai kuma ɗinki. Ka tsayar da kyamarar a tsaye, ka ɗauki hoto uku, hagu da milimita 12, tsakiya, dama da milimita 12, ka haɗa su a kwamfuta. Ka sami hoto mai milimita 48 da 36, wanda ya fi sensar Fujifilm GFX girma, da fiksel ninki biyu na kyamararka. A nan ne kawai za ka ce da gaske ka yi hoton matsakaicin fim da ƙaramar kyamara, faɗin da narkewar bayan duka. Sharaɗin shi ne abin da ake ɗauka kada ya motsa. Idan akwai abu kusa, gilashin ya kamata a kafe a kan ƙafa-uku kyamarar ta riƙa gusawa, in ba haka ba ɗinkin ba zai haɗu ba.

Kowane gilashin matsakaicin fim ne ke aiki da adafta?

A'a, kuma a nan mutane ke ƙona kuɗi. Mafi sauƙi su ne Mamiya 645 na hannu, Pentax 645 masu zoben ƙofa, Pentax 67 da Pentacon Six. A na Mamiya akwai ɗan maɓalli mai A da M, mayar da shi M ƙofar ta riƙa bin zoben. Pentax ma da kansa ya yi adaftoci daga 67 da 645 zuwa bakin K na ƙananan kyamarorinsa.

Yawancin na Hasselblad V shota a cikinsu take, sai an ɗana ta take zama a buɗe. Na Mamiya RB67 da RZ67 ba su da zoben fokas sam, don a gidansu zuga-zugin kyamarar ne ke tura su gaba da baya, sai ka nemi adafta mai nata zoben, ga nauyi kamar dutsen niƙa. Na Contax 645 da Mamiya 645 masu fokas da kansu lantarki ke juya ƙofarsu, bututu zalla ba zai motsa ta ba. Idan kuma a tsohon situdiyo ka tsinci Rolleiflex ko Yashica mai ido biyu, gilashinsu ba ya cirewa, bar su yadda suke.

Duk abin da ka ɗaura, fokas da hannu ne. Marar madubi ta fi sauƙi saboda za ka iya ƙara girman hoton a allo ka saita. Idan kyamararka tana rage girgiza daga sensa, shigar mata da lambar gilashin ta gaskiya, 80 a 80. Masu bidiyo sukan so su saboda zoben fokas ɗinsu yana da doguwar tafiya, ana jan sa a natse.

Fujifilm GFX da Hasselblad X ai su ma matsakaita ne. Maganar ta shafe su?

Ta shafe su, da sauƙi. Sensarsu milimita 44 da 33 ce, ba ta kai ko fim ɗin 645 ba, balle 6x7. GFX 100 ta 2019 fiksel ɗinta maikiron 3.76 ne, daidai da na a7R IV. Idan ka buɗa hoton har ƙarshe a allo, jarrabawa ɗaya gilashin ke fuskanta a kan duka biyun. A hoton da aka buga kuwa GFX ta fi yi masa adalci, don ba a ninka shi da yawa.

Ta yaya zan gane ko nawa mai kyau ne?

Gani ya kori ji. Liƙa shafukan jarida a bango mai faɗi, kafa kyamarar a kan ƙafa-uku tana fuskantarsa sak, saita fokas da allo a buɗe, sa ta ɗauka bayan daƙiƙa biyu don hannunka kada ya girgiza ta. Ɗauka a buɗe gaba ɗaya, sannan f/4, f/5.6, f/8, f/11. Maimaita da gilashin da ka saba da shi mai kusan wannan tsawo. Kwatanta su a girman da kake ba abokan ciniki, ba a ninkin da babu mai kallo ba.

Idan gefe ɗaya ya fito ɗaya ya dushe, yawanci adaftar ce ba ta zauna daidai ba, ko nauyin gilashin ya rinjaye ta. Doguwar adafta da gilashi mai nauyi suna jan bakin kyamara ƙasa, don haka nemi mai ƙafar ɗaurawa a jikinta. Gwada abu mai nisa kuma, eriya ko tankin ruwa, ka tabbata fokas yana kaiwa. Adaftar da ta yi kauri ko da kaɗan ba za ta bari ya kai ba.

Me zan duba kafin in saya, kuma yaya zan ajiye shi?

Gilasan nan da yawansu sun haura shekara arba'in. Pentax 6x7 ta fito a 1969, RB67 a 1970, Mamiya M645 a 1975. Haska tocila ta baya ka duba ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Hazo a ciki, ko zare-zare kamar saƙar gizo, wato fumfuna, ko wani bakan gizo a gefe da ke nuna mannen ƙwayoyin ya fara saki, waɗannan suna kashe hoto fiye da duk abin da muka lissafa a sama. Juya zoben ƙofar ka ga ko ganyen na da maiƙo. Tsofaffin 105mm f/2.4 na farko-farko sukan yi rawaya saboda sinadarin da ke cikin gilashinsu, ajiye su a hasken rana na kwanaki yana rage ta.

Da damina kada ka bar shi a jakar fata ko cikin sif mai duhu, nan fumfuna ke samun gida. Roba mai murfi da 'yan ƙullin nan masu shan laima ta isa, ka riƙa fito da shi yana shan haske. Da hunturu kuma matsalar ta koma kan sensa: adaftar bututu ce buɗaɗɗiya, duk sauyin gilashi a waje ƙura ce kai tsaye. Bar adaftar a jikin gilashin, ka samo mata murfin baya irin na kyamararka, ka riƙa cire su tare.